Wai rataye tsofaffin riguna a bangon Turawa shi ma fasaha ce?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar zane-zane ku zo ku warware min wani abu. Akwai wani ɗan Gana, Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale, wanda a 2024 ya lulluɓe wani ƙaton gini a Landan da ake kira Barbican da yadi ruwan hoda da shunayya, wai faɗinsa ya kai murabba'in mita 2,000, sannan aka bi jikin yadin aka ɗinke tsofaffin rigunan batakari wajen 100 ko sama da haka, wasu sun koɗe wasu sun yage wasu duk dauɗar wuya, haka aka bar su a waje rana ta doke su ruwa ya doke su tun daga Afrilu har Agusta, Turawa suna ta zuwa ɗaukar hoto ana cewa wai aikin yana magana ne a kan jikin ɗan Adam da asali da abin da al'umma ke tunawa. To ni dai tambayata biyu ce. Ina fasahar take a nan, tunda ba shi ya saƙa ba ba shi ya ɗinka ba? Na biyu kuma wadda ta fi damuna, rigar kakan wani ce fa, ya dace a kai ta ƙasar wasu a shanya a bango kamar kayan gwanjo? Ba faɗa na zo yi ba wallahi, so nake na gane.

Bazanga:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni a Tamale nake zaune, bari na ba ka abin da na sani. Da farko batakari a nan ba ƙaramar riga ba ce, Dagomba suna sa ta, sarakuna suna sa ta, mu ma 'yan zango muna sa ta, kuma ita Nkrumah da mutanensa suka saka a daren 6 ga Maris 1957 da aka yi shelar 'yancin kai. Saƙar hannu ce siriri-siriri ake haɗawa, tana da nauyi, kuma ba kullum ake wanke ta ba, sai ka ga riga ta yi shekaru a gida uba ya sa ɗa ya gada, zufar wannan ta hau kan ta wancan, wuyan ya yi baƙi ya yi ƙyalli. To wannan dauɗar da ka raina ita mutumin yake nema. Da sabbi yake so ai kasuwa cike take da su.

Kuma ba ƙwace ya yi ba, bin gidaje aka yi ana musaya, mai riga ya yarda ya bayar a ba shi wani abu a madadi. Shi kuma yadin da ka gani a nan aka saƙa shi da hannu, ɗaruruwan mutane suka yi aikin, saboda girmansa ma sai a filin ƙwallo na Aliu Mahama aka shimfiɗa shi aka riƙa haɗawa. Masaƙa da mata masu ɗinki sun samu aiki, wannan kam ba labari aka ba mu ba.

Malamin Zane:
Ɗan Kurmi tambayarka ta farko ɗalibaina ma suna yi min ita, kuma ba tambayar banza ba ce. Amma ka duba, wanda ya zana taswirar gida ba shi ke ɗora bulo ba, kuma ba wanda ya ce gidan ba aikinsa ba ne. A irin wannan fasahar ta zamani aikin mai ita shi ne ya ga abin da kowa ke wucewa bai kula ba, ya san inda zai ajiye shi har ya yi magana.

Kafin riguna da buhu aka san Mahama. Buhunan algarara ne da ake saƙawa a Indiya da Bangaladash, a shigo da su Gana don zuba koko, idan sun gama wannan sai su koma hannun 'yan kasuwa a zuba masara a zuba shinkafa, ƙarshen rayuwarsu su ƙare a buhun gawayi, kowane mai kaya ya rubuta sunansa ko alamarsa a jiki, ga faci ga ɗinki ga baƙin gawayi. Shi sai ya karɓi tsofaffin ya ba da sabbi, ya tara mutane su ɗinke su wuri guda. A 2015 a babban baje kolin fasaha na Venis, wanda marigayi Okwui Enwezor ɗan Najeriya ya shirya, ya lulluɓe dogayen bangaye biyu da su, mutum yana tafiya a tsakiya buhu dama buhu hagu har sama. A 2017 ya yi irinsa a Kassel ta Jamus. Wanda ya ci cakulan a Turai bai taɓa ganin bayan da ya ɗauki buhun kokon ba, to ga buhun nan an kawo masa har gida da shaidar hannayen da suka taɓa shi.

Abin da ya fi kama ni a aikinsa ma hotunan hannaye ne. Akwai 'yan ci-rani daga arewacin Gana, musamman mata masu dako a kasuwannin Akara da Kumasi, da suke sa a rubuta musu sunansu da na garinsu a fatar hannu, don in hatsari ya rutsa da su a hanya a san inda za a kai su. Ya ɗauki hoton waɗannan hannayen, kuma in ka haɗa su da rubutun jikin buhu sai jikinka ya yi sanyi, buhu da suna mutum da suna, dukansu kudu aka nufa da su neman kuɗi.

Shi kansa wurin da ya rataye rigunan ba a banza ya zaɓa ba. Unguwar da Barbican take a da can matattarar masu sana'ar tufafi ce, bama-baman Jamus suka ƙone ta a 1940, daga baya aka gina wannan ƙaton siminti mai kaushi a kan kufan. Ya mayar wa wurin da tufa ke nan, amma ta Tamale.

Kuma ka lura babu gunki babu surar mutum ko ɗaya a jikin bangon, amma duk wanda ya kalli riga hannuwa a buɗe sai ya ga mutum a ciki. Ba shi kaɗai ke wannan ba, wani Bafaranshe Christian Boltanski a 2010 ya tara tulin tsofaffin kaya a Grand Palais na birnin Paris, ƙugiya tana ɗiba tana saki, ana jin bugun zuciya ta lasifika. Doris Salcedo ta Kolombiya kuma takalman mutanen da aka sace aka ɓatar ta riƙa sakawa a cikin ramuka a bango ta rufe da fata mai shara-shara, kana hango takalmin dishi-dishi ba ka iya taɓawa.

Hajiya Uwargida:
Malam duk na ji bayaninka kuma Allah ya ƙara sani, amma ni ina bayan yaron nan a tambayarsa ta biyu. Mu mata mu muke ajiyar kayan mamaci, mun san abin da ke ciki. Ranar da aka buɗe akwati za a raba gado ba kuɗi ke sa mutane kuka ba, ƙanshin turaren da ya rage a jikin riga ne. Wasu a bayar sadaka wani ya sa ya yi salla da ita ladan ya je wa mai ita, wata kuma a ɓoye ta a ƙasan adaka ba mai taɓawa. Yanzu a ce wannan rigar ce a waje tsuntsaye na sauka a kai, wanda bai san sunan mai ita ba yana tsaye yana shan kofi a gabanta, haba. Ko da yardar magada aka karɓa, talauci yana sa mutum ya yarda da abin da zuciyarsa ba ta so. A cocin Nyamata ta Ruwanda ma an ajiye kayan waɗanda aka kashe a 1994, amma a inda abin ya faru aka bar su, danginsu ke zuwa su gani. Wannan daban ne da a ɗauka a kai wa baƙi.

Bazanga:
Hajiya maganarki gaskiya ce ba zan musa ba, a nan ma akwai gidajen da ko nawa za ka ba su ba za su saki rigar ubansu ba. Sai dai abu ɗaya nake so a sa a sikeli. Mutumin nan bai tattara ya koma Turai ba, kuɗin da yake samu a can nan yake dawo da su. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a cikin Tamale, a 2020 ya buɗe wata cibiyar mai suna Red Clay a bayan gari, ya sayo tsofaffin jiragen sama da taragon jirgin ƙasa ya ajiye, yara 'yan makaranta suna shiga cikin jirgi ana koya musu darasi, yaron da ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Har wani tsohon rumbu ginin siminti na zamanin Nkrumah da aka yi watsi da shi ya saya ya mayar wurin nune-nune. To ni a ganina wanda ya yi haka ba ɗan gwanjo ba ne, ko da kuwa mutum bai yarda da shanya rigunan ba.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai. Malam ta farkon na sauka, maganar hannayen nan masu suna ta shige ni sosai. Ta biyun kuwa har yanzu ina tare da Hajiya, don gina makaranta bai amsa ko mai rigar da yana raye zai yarda ba. Amma kun sa ni wani tunani, mu nan tsofaffin manyan riguna masu aska takwas da aka yi wata da watanni ana musu aikin hannu dillalai ke bi gida-gida suna saye da arha su fitar waje, ba wanda ya rubuta ko ta wane ce, mu ko shanyawar ma ba ma gani. Malam in ka san wani ɗan arewa da ke irin wannan aikin da kayanmu a Kano ko Zariya ko Damagaram don Allah ka sanar da mu a nan, zan so na je na gani da idona kafin na ƙara yanke hukunci.