Ƙanwata ta rikice bayan haihuwa, ina za mu kai ta a Damagaram?

Yayan Mai Jego: Salamu alaikum ƴan zaure. Ƙanwata ta haihu kwana 12 ke nan, ɗanta na uku. Tun bayan suna ba ta barci, tana magana ita kaɗai, jiya ta ce wai an canza mata jariri. Dangin miji sun ce iska ce, sun karɓe yaron sun ba kishiya, suna so a kai ta ƙauye. Hankalina bai kwanta ba. Wanda ya san hanya ya taimaka, don Allah.

Inna ta Birni: Allah ya ba ta lafiya, ɗana. Kada a kai ta ƙauye. Yau ɗin nan a kai ta likita.

Majo mai ritaya: Wa alaikumus salam. Inna ta yi gaskiya. Abin da ka faɗa ya yi kama da rikicewar hankali ta jego, wadda ke kama mace 1 ko 2 cikin 1000 da suka haihu, galibi cikin sati biyun farko. Ciwo ne na gaggawa, amma yana jin magani, yawancin mata suna komawa daidai. Ku fara da inda ta haihu ko CSI, wato ƙaramar likitar unguwarku, a auna jininta da zafin jiki, don zazzaɓin cizon sauro ko ƙwayar cuta bayan haihuwa ma suna juya kai. Daga nan su rubuta muku takardar turawa zuwa sashen masu ciwon hankali na babban asibitin ƙasa na Damagaram. Ku riƙe karnen awon ciki. Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya, dare da rana, a kuma kawar da wuƙa da magunguna daga ɗakin.

Yayan Mai Jego: Na gode Baba. To jaririn fa? Nono ya cika mata tana kuka.

Maman Ƴan Biyu: Nan ne zan sa baki, don ni ya faru da ni shekara 6 da suka wuce. Yaya, abin da ya fi ciwon zafi shi ne da na dawo hayyacina na tarar ɗiyata ba ta san ni ba. Wata biyu aka raba mu, wai don kada ta sha ciwon a nono. Ba a shan sa a nono. Gaskiya ne a kwanakin farko bai kamata a bar mata shi ba tare da babba a kusa ba, wannan ba gardama. Amma a riƙa kawo mata shi, ta ɗauke shi, wata na zaune gefenta. Ku tambayi lokotoro ƙarara: wannan maganin ana shayarwa da shi? Akwai waɗanda ake iya sha ana ba da nono, shi zai zaɓa. Kuma manyan yaran a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa mama ba ta da lafiya, ana ba ta magani, ba laifinsu ba ne. Ɗana na fari ya daɗe yana zaton rashin jinsa ne ya jawo.

Malam na Zango: Addu'a da ruƙiyya ba su hana asibiti, ku haɗa duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri da hayaƙin barkono. Mai jego amana ce.

Baban Ɗalibai: Maganar kuɗi kuma, a shirya. Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su a likitar gwamnati, to jaririn yana ciki. Maganin uwar kuwa, ku za ku saya. In ƙarfi ya gaza ku nemi ofishin sosiyal na asibitin ku yi musu bayani, ba abin kunya ba ne. A farmasi kuma ku ce a ba ku jenerik, wato maganin nan dai amma ba mai sunan kamfani ba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na ƴan tebur kam a yi nesa da shi.

Majo mai ritaya: Ƙari kaɗan. Inda iyalai ke faɗuwa shi ne wata na biyu: ta samu sauƙi, sai a ce ta warke, a bar magani, ciwo ya dawo. Lokotoro ne kawai zai ce a rage. In kun ga wuyanta ya sanƙare, ko hannu na rawa, ko miyau na zuba, daga maganin ne irin su Haldol, ku koma a gyara, kada ku yanke da kanku. In shan ƙwaya kullum ya gagara, akwai allurar wata-wata. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin rakiya duk ranar randebu. Kuma in ta sake samun ciki a faɗa tun awon farko, don ciwon kan dawo, kuma akwai magani kamar Depakine da ke illata ɗan tayi.

Maman Ƴan Biyu: A bar ta ta yi barci da dare, wata ta karɓi tashin jariri. Ni barci ne rabin warakata. In tana so, idan ta natsu zan zo in zauna da ita.

Yayan Mai Jego: Allah ya saka da alheri. Na kira mijin, na karanta masa abin da Baba Majo ya rubuta, ya yarda. Mun tsai da adaidaita, innarmu za ta riƙo jaririn mu tafi tare.