Neman kalmar Hausa: yaya za mu ce "Aboriginal" a shirin rediyo?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Alhamis da safe za a naɗi shirina kan makarantun da ke koyar da rawa da zane ga jikokin mutanen da Turawan Ingila suka tarar a Ostareliya a 1788. Ginshiƙin shirin shi ne kwalejin rawa ta NAISDA, wadda aka kafa a Sidni a 1976, kuma ɗalibanta na cikin waɗanda suka fara ƙungiyar rawa ta Bangarra a 1989. Kalmar "Aboriginal" ta cika rubutun, kuma raina bai kwanta da "'yan asalin ƙasa" ba. Ina kuma neman suna guda da zai haɗa rawa, kiɗa da wasan kwaikwayo.

Tsohon mai fassara: Wa alaikumus salam, Malama. "'Yan asalin ƙasa" ya wadatar, domin tushen kalmar a Latin yana nufin tun daga asali. Na biyun kuwa, ki ce "fasahar dandali".

Malamin harshe: Ranka ya daɗe, a nan zan saɓa maka. Kullum gidajen rediyo suna cewa wane ɗan asalin ƙasar Gana ne, don haka Baturen da aka haifa a birnin Malbon na Ostareliya ma zai shiga cikin wannan suna, ɗan Najeriya kuma zai tuna da takardar shaidar da ake karɓowa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ga kuma mutanen tsibiran mashigin Tores da ke arewacin Ostareliya, waɗanda su ma Turawa sun tarar da su, suna karatu a NAISDA, amma al'umma ce dabam mai tutarta. Ni "Aborijinawa" zan ce, kamar yadda muke cewa Turawa da Larabawa.

Mai kishin Hausa: Malam, wannan ai Turanci ne aka naɗa wa rawani. Har yaushe za mu daina bara a ƙofar wasu harsuna? Na daɗe ina ba da shawarar "Asalawa", tilonta Ba'asale, Hausa tsantsa ba gauraye.

Malamin harshe: Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, "asali" ɗin ma daga Larabci muka aro shi, haka "fasaha".

Mai kishin Hausa: Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru a gida ya zama ɗan gida. Matsalarku 'yan boko ita ce sai kalma ta yi ƙamshin Turanci kuke ganin girmanta.

Malama daga Damagaram: Mu dai a nan "'yan asalin ƙasa" ba ya tuna mana da wata takarda, amma an saba a yanke hukunci a Kano da Zariya sannan a aiko mana. "Fasahar dandali" kuwa tana da gyara, domin mai sauraro ya saba jin "kimiyya da fasaha", zai iya ɗauka injiniyoyi ake horarwa.

Tsohon mai fassara: Mu koma kan buƙatar Malama. Idan shirin ya taɓo Papunya, wani ƙauye a tsakiyar Ostareliya, inda malamin makaranta Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa a 1971 suka zana hikayoyin kakanninsu a bangon makarantar, har aka kafa kamfanin masu zane na Papunya Tula a 1972, to ki kira su da sunayen kabilunsu, Pintupi da Luritja da Warlpiri. Na yarda da "Aborijinawa" a jam'i kawai, domin "Ba'aborijine" sai ya karya harshen mai karanta labarai.

Mai shirin rediyo: Na gode, malamai. A ambaton farko zan ce "Aborijinawa, mutanen farko na Ostareliya", tilo kuma "ɗan Aborijinawa". Batun suna guda kuwa, zan jera su ɗaya bayan ɗaya, rawa da kiɗa da wasan kwaikwayo, tunda ba a daidaita ba.

Mai kishin Hausa: To, a yi amfani da shi na ranar Alhamis. Ni a rubutuna Asalawa zan ci gaba da sawa.