Wane kebul zan saya domin abin da ke wayata ya fito a talabijin?

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina neman shawararku game da haɗa wayar hannu da talabijin ta hanyar kebul, domin ina so ɗalibaina su riƙa ganin shafin Alƙur'ani da bidiyon darasin tajwidi a babban allo, maimakon su taru a kan waya ɗaya. A makarantarmu babu intanet, kuma talabijin ɗin da aka ba mu sadaka ba ta zamani ba ce sosai, amma tana da ramin HDMI guda biyu a bayanta. Wayata tana da bakin caji irin na USB-C. Wane kebul ne mai ƙarko da kuke ganin ya dace in saya?

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga zancen kebul, sai ka faɗa mana sunan wayar da lambarta, saboda a nan ne yawancin mutane suke asarar kuɗinsu. Kasancewar waya tana da bakin USB-C ba ya nufin tana iya fitar da hoto ta wannan bakin. Siffar ramin ɗaya ce, amma abin da aka haɗa masa a cikin injin wayar ya bambanta. Wayar da ke fitar da hoto ita ce wadda aka gina mata tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode, wanda ƙungiyar VESA ta fitar a 2014, kuma shi ne yake ba wa wasu daga cikin ƙananan haƙoran ramin damar ɗaukar hoto da sauti kai tsaye zuwa talabijin. Wayoyi masu sauƙin kuɗi, wato akasarin Tecno da Infinix da itel da Redmi da jerin Galaxy A na Samsung, an yi musu ramin ne domin caji da tura fayil kawai. Idan ka jona wa irinsu kebul na USB-C zuwa HDMI, komai tsadarsa, talabijin za ta ce babu sigina, kuma babu wata manhaja da za ta iya ƙirƙiro abin da ba a saka a cikin injin ba.

Waɗanda na tabbatar suna yi su ne akasarin jerin Galaxy S tun daga S8 na 2017, da akasarin jerin Note tun daga Note 8, da Pixel 8 bayan sabuntawar da Google ya yi masa a 2024, da manyan wayoyin Huawei irin su Mate 10 da na bayanta.

Malamin Islamiyya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Tawa Galaxy A ce, amma ƙanena yana da tsohuwar Galaxy S9 da ya ajiye tun da ya sauya waya, kuma ina ganin ba zai hana ni ita ba.

Mai gyaran waya: To, Malam, matsalarka ta zo da sauƙi. Ka karɓi S9 ɗin, ka tura mata darussan, ka bar taka a aljihu. Sai dai kada ka sayi kebul miƙaƙƙe mai kai biyu kawai. Ka nemi ƙaramar adafta mai ramuka uku, ɗaya na HDMI, ɗaya na USB-C domin caji, ɗaya na USB na yau da kullum. Dalili shi ne fitar da hoto yana shan batir sosai, kuma batirin tsohuwar waya ya riga ya gaji, saboda haka idan babu hanyar yi mata caji a lokacin da take aiki, darasi ba zai kai ƙarshe ba. Wannan wayar kuma tana da tsarin DeX, wanda yake mayar da talabijin kamar allon kwamfuta, hoton ya cika fuskar gaba ɗaya, kuma kana iya jona linzamin kwamfuta (mouse) a ramin na uku ka riƙa nuna aya da shi.

Hajiya mai ɗinki: Barkanku da warhaka. Ni kuma iPhone 12 gare ni, kuma ina so in riƙa nuna wa masu kawo ɗinki samfurin kaya a talabijin ɗin shago, domin a kan waya ba a ganin aikin zare da duwatsu yadda ya kamata. An kawo mini wani kebul mai kai uku, yana aiki kwana biyu ya tsaya, wani lokacin kuma hoton yana zuwa a makare. Shin laifin wayar ne ko na kebul?

Ɗalibin injiniya: Hajiya, ina kyautata zaton laifin kebul ne. Bakin caji irin na Lightning da ke jikin iPhone 12 ba a yi shi domin ɗaukar hoton HDMI kai tsaye ba, shi ya sa adaftar Apple ta asali, wadda ake kira Lightning Digital AV Adapter, take ɗauke da ƙaramin inji a cikinta. Wayar tana matse hoton ta aika, adaftar kuma ta warware shi ta miƙa wa talabijin, iyakar ingancin hoton da take iya fitarwa shi ne 1080p. Na kwaikwayo suna bin wata hanya ta daban ne, shi ya sa sukan nemi a danna amincewa da na'urar, kuma sukan daina aiki idan an sabunta tsarin wayar. Shawarata ita ce ki sayi ta asali ko da ta hannu ce, matuƙar za a gwada ta a gabanki. Idan kuma kina da niyyar sauya waya nan gaba, iPhone 15 da ta fito a 2023 ta koma USB-C kuma tana fitar da hoto har zuwa 4K da adafta ta gama-gari, amma ki lura cewa iPhone 16e, duk da tana da USB-C, ba ta fitar da hoto ta kebul.

Mai gidan kallo: Ni ban yarda a ce masu ƙananan wayoyi ba su da mafita kwata-kwata ba. Akwai kebul da ake sayarwa a kasuwa wanda idan ka saukar da manhajarsa yake aiki da kusan kowace wayar Android, kuma na ga yana yi da idona a kan Tecno.

Mai gyaran waya: Gaskiya ne yana yi, Yaya, ban musa ba, amma ni ba na ba wa kowa shawarar saye, kuma zan faɗi dalili. Irin wannan kebul ba ya karɓar hoto daga injin wayar. Manhajar ce take ɗaukar duk abin da ke kan allo ta tura shi a matsayin bayanai. Domin ta yi hakan, takan umarce ka ka shiga sashen masu gina manhajoji ka kunna USB debugging, kuma sau da yawa ba a Play Store ake saukar da ita ba, daga wata lambar QR da aka buga a jikin kwali ne. Wato ka ba wa manhajar da ba ka san mai ita ba izinin ganin duk abin da ya bayyana a wayarka, har da saƙon banki da lambar sirrin da ake turowa. Wanda ya ba baƙo makullin ɗakinsa domin ya kunna masa fitila, bai kamata ya yi mamakin abin da zai biyo baya ba. Ban da haka, hoton yana jinkiri, sauti yakan riga baki, kuma wayar tana zafi ƙwarai.

Idan dole sai an bi wannan hanya, gara a nemi adafta mai injin DisplayLink, domin kamfani ne sananne kuma manhajarsa tana cikin Play Store. Tana da tsada, kuma sai wayar tana karɓar OTG, wato ana iya jona mata na'ura irin filashi ta bakin caji.

Ɗalibin injiniya: Ina ƙara da cewa duk waɗannan hanyoyi na ɗaukar allo suna cin karo da kariyar da ake kira HDCP, wadda masu fina-finai suke amfani da ita domin hana kwafa. Shi ya sa mutum zai ga YouTube da hotunansa suna fitowa lafiya, amma da ya buɗe Netflix sai allon ya yi baƙi, wani lokacin sauti yana tafiya babu hoto. Ga mai gidan kallo wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Kawun yara: Ni tambayata ta tsofaffin kaya ce. Talabijin ɗin gidana mai ƙeya ce, ramukanta ja da fari da rawaya ne, kuma akwai wani kebul a cikin akwatina da aka rubuta MHL a jikinsa. Ko zai yi wani amfani?

Mai gyaran waya: Kawu, MHL tsari ne da Nokia da Samsung da Sony da Toshiba da Silicon Image suka haɗu suka kafa a 2010, domin wayoyi masu ƙaramin baki irin na micro-USB, kamar Galaxy S2 zuwa S5. Zamaninsa ya wuce, kuma ko a lokacinsa akwai rikici, domin tun daga S3 Samsung ya koma mai haƙora 11 alhali sauran suna da 5. Ba zai yi aiki da wayar yau ba. Talabijin ɗinka kuwa tana buƙatar ƙaramin akwati mai juya HDMI zuwa AV, wato ramukan nan ja da fari da rawaya, wanda ake ba shi wuta ta USB, kuma yana da maɓalli a gefe da za ka tura zuwa PAL, in ba haka ba hoton yana iya fitowa babu launi ko yana birgima. Ka karanta jikin akwatin da kyau, saboda akwai mai juya AV zuwa HDMI, kamanninsu ɗaya amma aikinsu kishiyar juna ne. Rubutu ƙanana ba za su karantu sosai ba, amma bidiyo zai kallu.

Hajiya mai ɗinki: Na ɗauki shawarar adafta ta asali. Amma idan hotuna da bidiyo kawai ake son nunawa, ashe ba zai fi sauƙi a zuba su a filashi a soka a ramin USB na talabijin ba? Maƙwabciyata haka take yi, kuma ba ta taɓa sayen kebul ba.

Ɗalibin injiniya: Haka ne, Hajiya, ga samfurin ɗinki filashi ya wadatar, sai dai duk sabon hoto sai an sake kwafa. Malam kuwa yana buƙatar waya, tunda zai riƙa buɗe shafi yana faɗaɗa shi yana tsayar da karatu. Malam, idan ka jona ka ga baƙin fili a gefe da gefe, ka kwantar da wayar a kaikaice. Idan kuma gefen shafin ya yanke, ka shiga saitin girman hoto na talabijin ka zaɓi Just Scan idan LG ce, ko Screen Fit idan Samsung ce. Kebul na HDMI mai tsawon mita uku ya isa daga tebur zuwa bango, kuma ka tafi kasuwa da wayar a hannunka domin a gwada adaftar tare da caja kafin ka biya.