Wace kalmar Hausa ce ta dace da "meetinghouse" na Menonawa?

Mai fassara: Jama'a, a taimaka. Menonawa, wato Kiristoci mabiya Menno Simons, da suka sari daji suka zauna a Pennsylvania ta Amurka ba sa ce wa wurin ibadarsu coci, meetinghouse suke cewa. Ga gidan Hans Herr, ɗaya daga shugabanninsu, a gundumar Lancaster: sun sauka a 1710, aka gina shi da dutse a 1719, iyali na kwana a ciki, ran Lahadi maƙwabta su taru a yi ibada. Me za mu ce masa?

Malamin tarihi: Malam, kada dai ka sa coci. Da gangan suka guji kalmar, don a wurinsu ikilisiya mutane ce, ba gini ba. An tsananta musu a Suwizalan har sai a gidaje da rumbuna suke haɗuwa, shi ya sa ko da suka samu sarari ba su yi hasumiya ba, ba ƙararrawa, ba bagadi, ba gilashi mai launi. Ƙofar maza daban, ta mata daban. Dogayen bencina, murhu a tsakiya saboda sanyi, teburin masu wa'azi a ƙasa daidai da kowa. A waje kuma wurin ɗaure dawaki da maƙabarta. Wanda ya ji "coci" wani gini daban zai hango.

Malama Hausa: To majami'a fa? Tushenta jama'a, ma'anar ta zo daidai.

Malamin tarihi: Ta so ta yi, Malama, amma jaridu sun mai da ita coci tsantsa, kuma a Littafi Mai Tsarki wurin ibadar Yahudawa take nufi. Ruɗani biyu ke nan.

Mai fassara: Gidan taro?

Malama Hausa: A'a, yau gidan taro wurin biki ne da ake haya. Ɗakin sujada kuwa, Kiristoci Hausawa na faɗinsa, sai dai ya zubar da taron, wanda shi ne ƙashin bayan kalmar. A haɗa su: gidan taron ibada, jam'i gidajen taron ibada. Na fi son gida a kan ɗaki, tunda irin na Herr gida ne na gaske.

Malamin tarihi: Ta zauna. A kula kawai: ginin shi ne gidan taron ibada, mutanen su ne ikilisiya. Na Germantown, wata unguwa a Philadelphia ta Pennsylvania, ikilisiya ɗaya ce ta yi na gungumen itace a 1708, ta sāke na dutse a 1770.

Mai fassara: Na gode, haka zan rubuta.