Tambaya: wanda ba ɗalibin ABU ba zai iya aron littafi a laburaren Kashim Ibrahim?

Malam_Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san kan laburaren Kashim Ibrahim na ABU Samaru. Ni malamin sakandare ne a nan Zariya amma mastas ɗin da nake yi ba a ABU ba ne, a wata jami'ar ce daban, irin karatun nan na ƙarshen mako. Bincikena a kan cinikin auduga ne a ƙasar Zazzau tun daga zuwan jirgin ƙasa a 1911 har samun 'yancin kai a 1960. Abin da ya sa na zaɓi auduga kuwa kakana ne Allah ya jiƙansa, ya yi sayen auduga wajajen Giwa, har gobe tsohon sikelinsa na nan a zaurenmu duk ya yi tsatsa yara na wasa da shi.

To makon jiya na kai wa sufabaiza babi na biyu, ya juya shafi ya juya shafi, can sai ya cire tabarau ya ce malam duk wannan ai a waya ka kwaso, kana zaune a Zariya laburare na bakin ƙofarka ka kawo min wannan? Wlh kunya ta rufe ni, don gaskiya ya faɗa, shekarata arba'in da ɗoriya a garin nan ban taɓa sa ƙafa a ciki ba, iyaka in wuce ta gabansa in na je gaisuwa kwatas.

Shi ne nake tambaya, za su bar ni in shiga kuwa tunda ba ni da katin makarantar, in sun bar ni zan iya aro in taho gida da shi don ni sai dare nake samun sukunin karatu, sannan in na shiga ta ina zan fara don an ce wurin girma gare shi. Akwai kuma ɗan yayata da ke aji uku a can, na ce ko shi zan sa ya dinga aro min da katinsa? Na gode.

Bakano_Na_Asali:
Kai Zagezagi!! ga ruwa a gabanku kuna taimama. Mu daga Kano muke shigo mota mu zo wurin nan ku kuna Gyallesu kuna tambayar hanya. To wasa a gefe malam, ka je dipatmen ɗinku su rubuta maka takardar gabatarwa a takardar makaranta mai tambari, a sa sunanka da taken bincikenka, a buga hatimi, a rubuta ta zuwa ga shugaban laburaren. Ka haɗa da katin shaidarka na ɗalibi da hoton fasfo ko biyu ka riƙe a aljihu. Da ita na shiga lokacin da nake nawa. Ka yi fotokwafinta da yawa don ba wuri ɗaya za ta yi maka amfani ba.

Yar_Samaru:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a nan na yi digiri na biyu da na uku, don haka bari in ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Maganar aro ka cire ta a ranka tun yanzu. Aro na ɗalibai ne da ma'aikatan da suka yi rijista da laburaren, baƙo zama yake ya karanta a ciki ya tashi. Amma kar wannan ya karya maka gwiwa, don abin da kai kake nema dama ba a ba da shi aro ko ga farfesa ne. Kundayen digiri, tsofaffin rahotannin gwamnati, mujallun bincike, jaridu, littattafan da ke sashen Afirkana, wato na rubuce-rubuce kan Afirka, duk a wurin ake karanta su. Waɗanda ake fita da su galibi littattafan darasi ne, su kuma ba su ne za su fid da kai wurin sufabaiza ba. Don haka abin da za ka nema ba kati ba ne, lokaci ne. Ka duba jadawalinka na makaranta ka ware yini guda a mako ko ka jira hutun zango ka ba shi sati biyu cur.

In ka isa jakarka a bakin ƙofa za ka ajiye ta, to ka cire waya da kuɗi da laftof ka riƙe a hannu, ka zo da littafin rubutu da biro. Kada ka shiga ka kama zagaya kantoci kana karanta bayan littattafai ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen atamfa, na yi wannan a satina na farko, na fito da ciwon wuya ba abin da na samu. Ka wuce kai tsaye wurin ma'aikacin sashen bincike, ka gaishe shi gaisuwa ta mutunci, ka miƙa masa taken aikinka a rubuce. Mutanen nan karatun abin suka yi, akwai dipatmen guda na ilimin laburare a jami'ar, kuma wasunsu sun shekara ashirin suna ɗaga kundayen nan suna saukewa, sun san wanda ya rubuta me. Amma in ka ce masa kawai "ina neman littafin auduga" zai nuna maka hanya da baki ne. Ka ce auduga, lardin Zazzau, zamanin Turawa, ɓangaren ciniki ba noma ba. Yadda ka yi tambaya haka za a ba ka amsa.

Sai katalog. Ko a kwamfuta ko a akwatunan kati na da, abin da kake so shi ne lambar littafin, wadda aka manna a ƙeyarsa, haruffa a sama lambobi a ƙasa. Tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka ake bi, kuma nan ne audugarka za ta wahalar da kai don a wuri uku za ka same ta. Tarihin Afirka yana ƙarƙashin DT, na Nijeriya DT 515 ne. Harkar ciniki da masana'antu tana HD. Noman kansa, iri da ƙwari, yana SB. In ka tsaya a DT kaɗai don kai ɗan tarihi ne rabin kayanka ya wuce ka. Kuma ka kwafe lambar duka har ƙananan haruffan ƙasa, kada ka ɗauki rabi. In ka samu littafin a kanta ka duba na damansa da na hagunsa, sau da yawa maƙwabcin ya fi wanda ka zo nema amfani. In ka gama ka bar shi kan tebur su mayar da kansu, littafin da aka cusa ba a gurbinsa ba daidai yake da wanda ya ɓata.

Wani abin kuma tun kafin ka fito daga gida, jami'ar tana da rumbun kundaye a intanet, Kubanni sunansa, sunan rafin nan namu. Ka shiga da wayarka ka rubuta cotton Zaria ko BCGA, wato kamfanin nan na Turawan Ingila da ya kafa injin gurzar auduga a Zariya, za ka ga kundayen da aka ɗora ka sauke kyauta. Dabarar ita ce kada ka fara da babi na ɗaya, ka juya can ƙarshe inda mai kundin ya jera abubuwan da ya karanta, nan ne taswirarka. Tsofaffin kundayen da ba ka gani a can ba su ne za ka tambaya a Afirkana.

Au na manta, ka leƙa laburaren IAR, wato cibiyar binciken noma, shi ma, nan Samarun ne ba nisa. Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, ta girmi jami'ar da shekara arba'in, kuma auduga na cikin manyan abubuwan da aka kafa ta dominsu, irin Samcot da manoma ke shukawa daga can ya fito. Rahotanninsu na shekara-shekara da 'yan ƙananan takardun binciken da suke bugawa za su yi maka rana.

Dan_Kwangila:
Malam kan maganar ɗan yayarka, don girman Allah ka rufa wa yaron nan asiri. Ni abin ya faru da ni a makarantar da na yi digiri, ba zan kama suna ba. Abokina ne na ƙut da ƙut ya ce in aro masa wani littafi da katina zai dawo da shi bayan sati, na aro, muka shiga jarabawa na sha'afa shi ma ya sha'afa, ya haɗa kayansa ya tafi garinsu da littafin a ƙasan akwati. Ranar da na zo kiliyarans kowa ya sa min hannu sai laburare, matar ta jawo wani ɗan kati ta ɗora min a gaba ga sa hannuna ɓaro-ɓaro, ba ta ce komai ba. Na kira shi ya ce wai ƙanwarsa ta ba wata ƙawarta. Sai da na biya tarar kwanakin da suka wuce sannan na nemo wani sabo na saya da kuɗin da na tara na ɗinkin sallah, saura ƙiris tafiya bautar ƙasa ta wuce ni. Laifina ne ba nasu ba, wanda sunansa ke kan kati shi ne mai bashi. Kai ba za ka ɓatar ba in sha Allah, amma gidan da ke da yaran da ke wasa da sikeli ai littafi ma ba zai tsira ba hhh.

Malam_Gyallesu:
Hhh Ɗan Kwangila ka kama ni, na janye maganar yaron. Hajiya 'Yar Samaru Allah ya saka da alheri, wlh sai da na kwafe bayaninki a takarda. Bakano kai kuma zan rama, ba dai gobe ma za ka zo neman ilimi garinmu ba.

Tsohon_Dalibin_Tarihi:
Duk abin da Hajiya ta faɗa haka yake, sai dai ina da ja kaɗan. Malam in tarihi kake yi na 1911 zuwa 1960 laburare rabin tafiya ne, sauran rabin yana Kaduna. Littafi da kundi abin da wani ya riga ya tauna ne, sufabaiza zai tambaye ka ina naka. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna can fayilolin Turawan mulki suke, na lardin Zazzau ZARPROF ake ce musu, na ofishin sakataren lardunan Arewa kuma SNP. A ciki za ka ga rahoton razdan da na di'o, maganar haraji, kasuwannin auduga, farashi, rabon iri, ƙorafin manoma yadda Bature ya fahimce shi ya rubuta. A can ma ba aro, lambar fayil kake rubutawa a takarda a shiga a ɗauko maka. Daga nan ka wuce Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna ne, tun 1970 aka mai da shi cibiyar tarihi kuma a ƙarƙashin ABU yake, suna da laburare da ma'ajiyar takardu.

Kada kuma ka raina jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun Janairun 1939 ta fara fita kuma a nan Zariya aka riƙa buga ta a da, kai da kake Gyallesu ai Kamfanin Gaskiya maƙwabcinka ne. Abin da Bature bai rubuta a fayil ba sau da yawa wani manomi ko malamin gona ya rubuto shi a wasiƙa da Hausa. Ka tambayi tsofaffin kwafinta a sashen jaridu da kuma Kaduna. Sannan tsofaffin Giwa da suka san kakanka, waɗanda suka rage, ka hanzarta musu da rikoda, su ba sa jiran hutun zango.

Yar_Samaru:
Ban ƙi ba Malam, amma ya fara da Samaru tukuna. Wanda ya je Kaduna bai karanta kundi ko ɗaya ba zai zauna gaban jerin fayiloli bai san wanne zai nema ba, kuɗin mota ya tafi a banza. Lambobin fayilolin ai a bayan kundayen zai tsince su.

Malam_Gyallesu:
Slm jama'a, na dawo da rahoto. Takardar ta fito ranar Asabar, Talata na je bayan na tashi daga makaranta, na nuna ta aka yi min bayani na cike abin cikewa na shiga. Na yi yadda Hajiya ta ce, na miƙa taken a rubuce, wani dattijo ya karanta ya ce in biyo shi, ya sauko min da kundaye uku masu baƙin bango, ɗaya ma da tafireta aka buga shi takardun sun yi ja har wani ƙamshin tsufa suke, ina buɗewa na kama atishawa. Ban karanta ko babi ɗaya ba, bayan kawai na juya, na cika shafi huɗu da sunayen littattafai da lambobin ZARPROF kafin a kira la'asar. Akwai sunan Giwa a jerin kasuwannin auduga a ɗaya daga ciki, sai da na ɗan yi shiru.

Yanzu tambayata Kaduna, yini ɗaya zai isa in na yi sammako daga Kwangila, ko in nemi wurin kwana? Kuma ana barin mutum ya ɗauki hoton takarda da waya?

Tsohon_Dalibin_Tarihi:
Je ka dawo ake yi, tafiyar ba ta kai a kwana ba, amma zuwa ɗaya ba zai ishe ka ba, ka sa ran uku ko huɗu kuma ranar aiki ba Asabar ba. Ka jera lambobin nan daga wanda ka fi buƙata, ka miƙa su da wuri tun da safe. Hoto kuwa kada ka ɗaga waya sai ka tambayi ma'aikacin ɗakin karatun ya faɗa maka ƙa'idarsu, in an ba ka izini ka fara ɗaukar bangon fayil ɗin mai lamba kafin shafukan ciki, in ba haka ba ka dawo gida da hoto ɗari uku ba ka san wanne na wane fayil ba ne. Ka tafi da fensir da fawa bank, da takunkumi tunda kai mai atishawa ne.