Hutun Disamba da sanyin hunturu: me gidanku ya yi wa wani?

Uwar Uku, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara sun samu hutu, hunturu kuma ya sauka da ƙarfinsa, da asuba ko masallacin ƙarshen layinmu ba a hangowa saboda hazo. Ina so kowa ya ba mu labarin abin da gidansu ya taɓa yi wa wani a irin wannan lokaci, ko abin da aka yi masa. Abin da mutum ya gani da idonsa nake nufi. Bari in fara da nawa.

Bara na ɗebi yarana uku muka tafi Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, muka zaɓo rigunan sanyi ashirin da huɗu. Yaran ne suka wanke su, suka shanya, suka ninke, muka kai tsangayar da ke bayan gidanmu. Malam ya karɓa, ya yi mana addu'a mai tsawo. Muna juyowa sai babbar 'yata, shekararta 12, ta ja mini mayafi ta ce, "Umma, dubi yadda wancan yake tafiya." Wani ɗan ƙaramin almajiri ne yana takawa da yatsun ƙafa kawai. Da na kira shi na duba, faso ya tsattsaga masa dunduniya har jini ya bushe a ciki.

Na shiga wajen matar Malam na tambaye ta abin da ya fi damun yaran. Ta ce, "Hajiya, riga kam mun gode. Amma da za su samu ruwan zafi da asuba, da ya fi musu komai." Ashe da ruwan da ya kwana a jarka a waje suke alwala, wasu kuma sai su yi mako biyu ba wanka don tsoron sanyi, daga nan ƙazuwa ta kama su, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tun da tabarma ɗaya suke kwana.

Tun daga ranar, kafin kiran sallar farko maigidana yake hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar da muke girkin biki, ɗana namiji ya kai bokiti biyu. Na sayi man kaɗanya na zuba a gwangwanaye, muka haɗa da safa da silifas. Duka kuɗin bai kai na rigunan ba. Bana ma mun fara, yau kwana tara ke nan.

Ɗan Tudu, Jos

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Mu nan Jos muna kan tsauni, tsayinsa ya kai mita 1,200 daga teku, saboda haka sanyin Disamba da Janairu sai wanda ya kwana a garin zai gane. Da muna yara, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kan cika fulas biyu da shayi mai citta da kanumfari bayan sallar isha'i, ya sa mu a gaba mu zagaya wajen masu gadin shaguna. Ni ke riƙe kofuna, yayana ke riƙe burodi. Har yau ina yi da nawa yaran, rigunan sanyi kuma a kasuwar Katako muke samo musu.

Amma abin da ya sa na rubuto daban ne. Akwai wata tsohuwa a layinmu, 'ya'yanta duk suna nesa. Shekara uku da suka wuce, matata ta aiki 'yarmu da koko da ƙosai da safe, ta yi ta sallama shiru. Muka ɓalle ƙofar. Muka tarar da ita a kwance ba ta san inda kanta yake ba, kaskon gawayi a gefen gado, taga a rufe, har ƙasan ƙofa ta toshe da tsumma don kada iska ta shigo. Allah ya sa da sauran kwana, aka kai ta asibiti ta farfaɗo.

Likitan ya yi mana bayani cewa gawayi in yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka barci ne, daga nan sai a wayi gari babu shi. Don Allah duk wanda zai kai wa tsoho ko mai jego gawayi, ya tsaya ya ga an fitar da kaskon waje kafin a kwanta. Mu yanzu ruwan ɗumi muke zuba mata a gora, mu rufe da kyau, mu naɗe da zane, ta sa a ƙafa. Kuma kowace safiya sai wani daga gidanmu ya ji muryarta kafin ya karya.

'Yar Wusasa, Zariya

Sannunku duka. Ni Bahaushiya ce Kirista, a Wusasa aka haife ni, kusa da cocin Saint Bartholomew wanda aka gina tun 1929. Wannan lokaci shi ne sallarmu, don haka aikin a gidanmu kwana uku yake farawa kafin 25 ga wata: suyar cincin, gyaran shinkafa, daka kayan miya.

Mamanmu tana da dokoki biyu da ba ta taɓa sassautawa ba. Na farko, akuya ko kajin Kirsimeti maƙwabcinmu Musulmi ne ke yankawa, don duk wanda aka kai wa ya ci hankalinsa kwance. Na biyu, ba wanda zai sa loma a gidan sai langar farko ta fita, kuma wannan langar ta gwauruwa ce, wadda mijinta ya rasu a cikin shekarar, ko Musulma ce ko Kirista. Mu yara mukan yi ta ƙorafi, mun dawo daga coci da yunwa, ga ƙamshi ya cika gida, a ce sai mun ɗauki langa mun tafi ƙarshen unguwa cikin ƙura. Sai da mahaifinmu ya rasu, a Kirsimetin shekarar muna zaune ba mu ko hura wuta ba, langa ta shigo mana daga gida biyar. Mama ta zauna a tsakar gida tana kuka. Ranar na gane abin da take yi duk shekarun nan.

In Sallah ta zo kuma, tuwon sallah da soyayyen naman layya ne ke shigo mana har mu rasa mazubi. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta ce a unguwarsu abin ya ragu ƙwarai tun rikicin shekarar 2000, da mutane suka rabu, waɗansu suka koma tsallaken kogi. Ita dai duk shekara tana shiga mota da kularta ta kai wa tsoffin maƙwabtanta na da.

Baƙuwar Manchester

Allah sarki, 'yar uwa, kin tuna mini da gida. Nan Ingila a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ranar Kirsimeti kuwa gari tsit, manyan shaguna a rufe, jirgin ƙasa ba ya tafiya, kowa na cikin iyalinsa. Wanda ba shi da kowa, a ranar ne yake jin rashin.

Ina aikin kula da tsofaffi. Tun da ba sallata ba ce, nakan karɓi aikin ranar 25 da 26 don abokan aikina su kasance da 'ya'yansu, su kuma su riƙe mini ranar Idi. Wannan yarjejeniya tamu ta kai shekara shida.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne, matarsa ta rasu. Shekarar farko na aika yara da dafa-duka. Ya yi godiya, amma daga baya na gane bai iya ci ba saboda yaji. Shekara ta biyu maigidana ya ce mu daina aike, mu je da kanmu. Muka je, ya dafa mana shayi, ya fito da hotunan matarsa ya yi ta nuna wa yara har awa biyu. Da za mu tafi ya ce tun safe bai yi magana da kowa ba sai mu. Yanzu ɗana ne ke fitar masa da kwandon shara duk mako, in ƙanƙara ta daskare a ƙofarsa ya zuba masa gishiri don kada ya zame.

Sai kuma ɗalibanmu 'yan Arewa da suke isowa a watan Satumba da 'yar rigar sanyin da ba za ta tare komai ba. In hutu ya zo, abokan karatunsu duk sun watse, su kaɗai a ɗaki. Muna kiran su tuwon shinkafa da miyar kuka, kowa ya zo da wanda ya sani. Bara mutum goma sha ɗaya muka zauna a ƙasan falo.

Malamin Firamare, Katsina

Duk na ji daɗin labaran nan. Abu ɗaya ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma sai na faɗa. A bar ɗaukar yara hoto. Ana jera almajirai, a miƙa wa kowa bargo, a ce ya ɗaga shi sama, a watsa a Facebook da WhatsApp. Yaron nan yana da uwa a ƙauye, yana da ranar da zai girma ya ga hotonsa. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta ce in an bayyana sadaka to madalla, in kuma an ɓoye ta aka ba matalauta, wannan ya fi alheri ga mai bayarwa.

Ɗan Tudu, Jos

Malam, gaskiyarka, sai dai akwai wani gefen. Matasan unguwarmu da suka tara kuɗin barguna, mutanen da suka turo daga nesa sun nemi ganin shaida, kuma haƙƙinsu ne, don an sha cinye irin wannan kuɗi. Abin da muka yi shi ne muka ɗauki hoton kayan da rasit, muka sa liman da mai unguwa suka shaida rabon. Fuskar yaro ko ɗaya ba ta fita ba.

'Yar Wusasa, Zariya

Malam, mu ma haka yake a wajenmu. A Matiyu sura 6 an ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan in an gama kaka, an sa hatsi a rumbu, 'yan ci-rani ke shigowa gari daga ƙauyuka, daidai lokacin da ɗari ya fi tsanani. Masu ga-ruwa, masu yankan farce, masu dako. Da dare sai ka gan su a bakin shaguna da tasha sun shimfiɗa kwali, sun lulluɓa da buhu.

Tsohonmu yana da zaure babba. Duk shekara yakan sa mu share shi, mu toshe ɓarakar ƙofa, mu shimfiɗa tabarmi, ya ce duk wanda ya yi sallama a bar shi ya kwana. Innarmu kuma tana ƙara mudu ɗaya a kan tuwon dare. Ƙannena da ke lakwal, wato makarantar boko, in an ba su hutun ƙarshen shekara, su ke kai akushi zaure su dawo da shi. Akwai mutum biyu daga ƙauye ɗaya da suka shekara tara suna sauka wajenmu. Da tsohon ya kwanta ciwo, su suka zo da buhun gero a kan amalanke, suka ƙi karɓar ko dala.

Maman Mai Sikila, Gusau

Ni ba ni da abin da na bayar, ni aka yi wa. Ɗana na biyu yana da sikila, kuma duk mai irin wannan yaro ya san hunturu abin tsoro ne. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ke tayar da ciwon, ga shi yaro ba ya jin ƙishirwa in ana sanyi, sai an bi shi da kofi.

Disambar bara ciwon ya tashi ƙarfe biyu na dare, babansa ya yi tafiya. Yaron yana ihu yana riƙe ƙafa. Na buga wa maƙwabciyata bango. Kafin in gama ɗaura zane ɗanta ya fito da adaidaita sahunsa, ya cire rigar sanyin jikinsa ya lulluɓa wa yaron, ya tuƙa mu cikin wannan iska da 'yar shimi. Kwana shida muka yi a asibiti. Matar yayana ta kwashe sauran yaran ta kai gidanta, ba ta ma tambaye ni ba. Goggona, wadda ta haura shekara 70, kullum da asuba sai ta aiko jikanta da fulas ɗin ruwan zafi da kunun gyaɗa.

Zan faɗi abin da ya yi mini nauyi kuma, ba don in ɓata wa kowa rai ba. Masu dubiya su cika ɗaki, yaro yana son barci, kowa da maganin da zai ce a gwada, wani ma ya tambaye ni me ya sa ba mu yi gwajin jini kafin aure ba. A wannan hali ba na buƙatar tambayar nan. Wata baiwar Allah da ɗanta ke gadon kusa da namu ita ce ta ce mini, "Je ki yi wanka ki ɗan runtsa, ina kallonsa." Awa biyu na yi ina barci a kan tabarma. Ban sake ganinta ba tun da aka sallame mu, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Uwar Uku, Kano

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, 'yar uwa, ya sa bana ku wuce hunturun nan lafiya. Kin tuna mini, a cikin almajiran nan akwai wani mai yawan ciwon ƙafa da idonsa ke yin rawaya, gobe in sha Allah zan yi wa Malam magana a kai shi gwaji. Ɗan Tudu, na karanta wa maigidana naka, ya ce ɗakin da ƙananan almajiran suke kwana ma da kasko suke shiga, yanzu ya fita wajen Malam.