Fedal ta isa ta maye gurbin mai jitar bas?

Sani: Salamu alaikum 'yan uwa. Asabar ɗin nan mun yi wasan biki a Rumde Ajiya, nan Garwa. Mai bas ɗinmu ya tafi Ngaundere ta'aziyya, sai na jona jitata da fedal ɗin oktab, ɗan akwatin nan da ake takawa ya sauke amon jita ya yi kauri kamar na bas, na riƙe bas da ita tun la'asar har aka watse. Ko mutum ɗaya bai gane ba. Ni dai na ce ƙaramar ƙungiya irin tamu ta daina buƙatar mai bas. Mai ja ya kawo hujja.

Kawu Buba: Wa alaikumus salam. Ɗana, mata na guɗa, ana liƙi, janareto na ruri a bayan rumfa, wa ke da kunnen ganewa? Ƙwarya ka kifa a ruwa ka buga ma za a taka rawa.

Sani: Allah ya ƙara girma Kawu, ai lissafi ne. Tsirkiyoyin bas huɗu su ne manyan tsirkiyoyin jita huɗu, an sauke su oktab ɗaya. Amon Mi na tsirkiya mafi kauri a jita yana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, na bas kusan 41. Fedal raba biyu kawai take yi. To me ya rage?

Hamma Yaya: Lissafinka babu gyara, ƙanena. Amma wace fedal ce? In Boss OC-2 ce, wadda ta fito a 1982, ko kwaikwayonta da ke yawo a kasuwa, amo ɗaya take iya bi. Tsirkiya biyu suka yi ƙara tare, sai ta rikice, ta riƙa tsalle tsakanin sama da ƙasa kamar yaron da muryarsa ke fashewa. OC-3 ta 2003 da OC-5 ta 2020 sun fi haƙuri da haɗin amo. Ni a nan Njamena in mai jita ya zo mini da ita, ina sa shi ya koma fikof, wato abin ɗaukar amon tsirkiya, na wajen wuyan jita, ya rage kaifin sauti, ya kaɗa da babban yatsa, ya danne sauran tsirkiyoyin da tafin hannu. Sannan a wace amfilifaya ka saka?

Sani: OC-3 ce Hamma, ta hannu na saya.

Hamma Yaya: Amfilifayar nake tambaya. Na taɓa ganin wani ya tura irin wannan amon cikin ƙaramar amfilifayar jita ya ƙure ta. Kafin a kai rabin wasa lasifikar ta fara zirr-zirr, da muka kwance ragar gaba muka tarar takardar ta tsage daga gefe, tsawon ɗan yatsa.

Abdu: Ku dai tsofaffi ba kwa son sabon abu. Waƙar nan ta Jack White ta 2003, Seven Nation Army, da ake rerawa a filayen ƙwallo, kowa ya ɗauka bas ce a farkonta. Jita ce da fedal ɗin DigiTech Whammy. Duniya ta karɓa, sai mu?

Kawu Buba: Su biyu ne a ƙungiyar tasu, shi da mai ganga, kuma salo guda yake ta maimaitawa. Kai ka ɗauki fedal ka bi kiɗan makosa ko bikutsi na Kamaru mu gani. A ƙasar da ta haifi gwanayen bas Richard Bona da Etienne Mbappé ake cewa akwati ya isa! Tsawon tsirkiyar bas inci 34 ne, ta jita ba ta wuce 25 da rabi ba, ga kauri. Shi ya sa in ka ja ta amon yake zama ya cika ciki, kamar bambancin tambari da kalangu. Ko ka saki tsarkiyar kalangu duka, ba ya zama tambari.

Abdu: Kawu, su Bona a Amurka da Faransa suke kiɗansu. Mu ango ke ce mana kuɗi ba yawa.

Hadiza: To tunda an zo nan bari in yi magana, ni ce na riƙe makirufo ranar. Yaya Sani, ka ce ba wanda ya gane, ni na gane. Muddin kana riƙe da bas lafiya lau, har na yi mamaki. Amma da aka shigo da amarya ka taka fedal ka koma jita don ka yi kwalliya, sai ƙasa ta zame mini, na ji kamar na taka matakalar da babu ita. Mai ganga ya ɗago kai yana kallona, ni ina kallonsa. Da ka koma bas kuma sai jitar ta ɓace. Hannu biyu gare ka.

Sani: Wannan gaskiya ne, amma da luba, fedal mai naɗar kiɗa tana maimaitawa, sai in naɗi bas ɗin ya riƙa zagayawa da kansa.

Hadiza: Luba ta san lokacin da uwar ango ta miƙe za a ja mata kirari? Mu faɗi gaskiya, kuɗin da aka saba rabawa biyar ne aka raba huɗu, daɗinsa ne bai bar bakinka ba.

Hamma Yaya: Ni fedal ba na raina ta. Ranar larura, ko atisaye a ɗaki, ko naɗar gwaji, ta biya kuɗinta. Har yanzu dai ba a ba ni amsar amfilifaya ba.

Isiyaku: Hamma, ni zan ba ka. Ina nan ina karantawa tun ɗazu daga Ngaundere. Tawa ce, mai lasifika inci 15, ya aiko yaro gida da safe ya ce aro. Sani, Alhamis zan dawo in Allah ya so. A kai mini ita gida kafin nan, har da wayarta, sai ka yi bikin Asabar mai zuwa da taka.

Sani: Haba Malam Isiyaku, ai muhawara ce kawai. Ya ƙarin haƙuri? Wace mota za ka shigo in zo tasha?